Ƙwayar Zarra Guda da Maƙwabtanta: Ina Aka Kwana a Neman Magajin Filatinam?

A shekarar 2011 mujallar Nature Chemistry ta buga wani bincike da ya fito daga babbar cibiyar nazarin sinadarai ta birnin Dalian a ƙasar Sin. Zhang Tao ne ya jagoranci aikin, tare da Li Jun na Jami'ar Tsinghua da Liu Jingyue, masanin madubin ilektiron. Sun baza filatinam a kan oksaid ɗin baƙin ƙarfe, dangin tsatsa, ɗan kaɗan ƙwarai, kashi 0.17 cikin 100 na nauyin garin, har ta kai kowace ƙwayar zarra ta filatinam tana zaune ita kaɗai. Duk da haka garin ya ci gaba da mayar da iskar kabon monoksaid mai guba zuwa kabon dayoksaid, kuma da kuzari. Suka raɗa wa abin suna katalis mai ƙwayar zarra guda. Sunan ya karɓu, cikin shekaru goma maƙalun da ke ɗauke da shi suka kai dubbai, kuma da yawa daga cikinsu sun karkata ga ayyukan da lantarki ke turawa: batirin haidirojin, raba ruwa, sarrafa kabon dayoksaid, haɗa amoniya.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne sunan ya ja hankalin masana zuwa inda bai kamata ba. Ya sa ana yabon kaɗaitar ƙwayar zarra da tsimin ƙarfe mai tsada, alhali abin da ke yanke hukunci shi ne waɗanda ke kewaye da ita, da kuma ko tana nan daram bayan an kunna wuta an bar ta tana aiki kwana da kwanaki. Fagen yana da amfani na gaskiya, kuma zan nuna inda yake. Ma'aunin da ake auna shi da shi ne yake buƙatar gyara.

Katalis, kalmar da ta samo asali daga sunan da Berzelius ya ba wannan al'amari a 1835, dillali ne a tsakanin sinadarai. Mai saye da mai sayarwa suna kasuwa ɗaya, cinikin zai amfane su duka, amma ba za su haɗu da kansu ba sai an daɗe. Dillali ya riƙo wannan, ya jawo wancan, a sallama, ya koma inda yake yana jiran na gaba. Wanda bai iya riƙe abokin ciniki ba, ba zai haɗa komai ba. Wanda kuma ya riƙe ya ƙi saki ya tare wa na baya hanya. Wannan tsakaitawa ita ce ƙa'idar da ake jingina wa Paul Sabatier, kuma a kanta kusan duk neman katalis ya ginu.

A batirin haidirojin, wanda William Grove ya fara gwada irinsa a 1839 da sandunan filatinam, ana shigar da haidirojin ta gefe guda, iska ta ɗaya gefen, a sami lantarki da ruwa. Gefen haidirojin ba shi da gardama, filatinam kaɗan ya wadatar. Wahalar tana gefen oksijin. Sai an tsinke ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin oksijin biyu, an kawo ilektiron huɗu da furoton huɗu bi da bi, kafin a sami ruwa. A lissafi batirin zai iya ba da bolt 1.23, amma a bakin aiki yana ba da 0.6 zuwa 0.7, kuma kaso mafi girma na asarar daga nawar wannan gefe yake fitowa. Shi ya sa mafi yawan filatinam ɗin batirin can ake zuba shi. An ƙiyasta motar Mirai ta farko, wadda Toyota ta fitar a 2014, tana ɗauke da kimanin giram 30, ninkin abin da ke cikin salansar motar fetur sau da dama.

Filatinam kuwa ba a samunsa ko'ina. Duniya gaba ɗaya ba ta haƙo tan 200 a shekara, kuma kusan kashi 70 cikin 100 daga yankin Bushveld na Afirka ta Kudu yake fitowa, inda Hans Merensky ya tabbatar da jijiyarsa a 1924. Sauran mafi yawa daga Rasha da Zimbabuwe. A tan guda na dutse 'yan giram kaɗan ake tacewa, daga ramuka masu zurfi da zafi. Ban iya ambaton wannan ƙarfe ba tare da tuna Marikana ba, inda a ranar 16 ga Agusta 2012 'yan sanda suka harbe mahaƙa 34 da ke yajin neman ƙarin albashi. Iridiyam, wanda na'urorin raba ruwa masu aiki cikin asid suka dogara da shi, ya fi ƙaranci nesa ba kusa ba: bai kai tan 10 a shekara ba. Saboda haka neman rage dogaro da waɗannan ƙarafa buƙata ce ta gaske.

Hujjar tsimi tana da sauƙin fahimta, shi ya sa ta yaɗu. Katalis ɗin da ake sayarwa a yau ƙwallaye ne na filatinam masu faɗin kimanin nanomita 3, zaune a kan garin kabon. Kowane ƙwallo yana da ƙwayar zarra kusan dubu, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke a fatarsa, inda oksijin zai iya taɓa su. Sauran suna binne, an biya kuɗinsu ba sa aiki. In aka warwatsa ƙwallon har kowace ƙwaya ta fito fili, sai a ce an ci moriyar ƙarfen ɗari bisa ɗari.

Sai dai ƙwayar da aka raba da danginta ba ta zama kamar yadda take a da. A cikin ƙwallo, ƙwayoyin filatinam suna tarayya a ilektiron ɗinsu, kuma oksijin yana iya kwanciya a kan biyu a lokaci guda, kowace ta ja nata ɓangaren har ɗaurin ya tsinke. Ƙwaya ɗaya tilo ba ta da abokin ja, kuma yawanci tana ba da wani ɓangare na ilektiron ɗinta ga abin da ya riƙe ta. A 2016 ƙungiyoyi biyu a Koriya ta Kudu, ta Lee Hyunjoo da wadda Choi Chang Hyuck yake ciki, sun nuna cewa filatinam mai zaman kaɗaici yakan tsaya rabin hanya: ilektiron biyu maimakon huɗu, ya fitar da haidirojin feroksaid maimakon ruwa. A cikin batiri wannan asara ce biyu, an rasa rabin wutar, kuma feroksaid yana cin fatar da ke raba gefunan batirin. Ga shi an yi tsimin ƙarfe, amma a kan aikin da ba shi aka nema ba. A wajen fitar da haidirojin daga ruwa ƙwayoyin filatinam ɗaiɗai sun nuna kuzari mai yawa, amma wannan gefen da ma ba shi ke cinye filatinam ba.

Abin da ya fi kusa da zama magajin filatinam a gefen oksijin ba ƙarfe mai tsada ba ne, kuma tarihinsa ya girmi sunan 2011 da kusan shekaru hamsin. A 1964 Raymond Jasinski ya ba da rahoto a Nature cewa wani rini mai ɗauke da kobalt, mai suna fitalosayanin, yana iya sarrafa oksijin. Siffarsa ta yi kama da ta him, jan sinadarin da ke cikin jininmu: ƙwayar ƙarfe guda a tsakiya, naitirojin huɗu sun riƙe ta kamar duwatsun murhu sun ɗauki tukunya. Rinin ba ya jure asid. A shekarun 1970 masana a Jamus suka gano cewa gasa shi a inda babu iska yana ƙara masa ƙarko, sannan a 1989 ɗakin binciken Ernest Yeager a Amurka ya nuna ba sai an fara da rini mai tsada ba: a haɗa gishirin ƙarfe da wani abu mai naitirojin da kabon a gasa, ya isa. Daga nan aka shafe shekaru ana muhawara a kan me ke aikin a cikin baƙin garin da ke fitowa. Wasu suka ce ƙarfen yana nan tsakanin naitirojin huɗu, wasu suka ce ƙarfen ya taimaka ne kawai wurin gasawa, kabon da naitirojin ke dillancin.

A 2009 ƙungiyar Jean-Pol Dodelet a Kebek ta Kanada ta buga a Science wani katalis na baƙin ƙarfe da naitirojin da kabon wanda kuzarinsa ya ninka na magabatansa sau da yawa. A 2011 Gang Wu da Piotr Zelenay a Los Alamos suka fitar da nasu, wanda ya yi awa 700 yana aiki a bolt 0.4. A 2015 Andrea Zitolo da Frédéric Jaouen da abokan aikinsu a Faransa suka yi nasarar haɗa garin da babu ƙwallon ƙarfe ko ɗaya a cikinsa, suka haska shi da hasken ekis, suka tabbatar cewa baƙin ƙarfen yana zaune ne ɗaiɗai tsakanin naitirojin huɗu cikin shimfiɗar kabon. Wato an shafe rabin ƙarni ana aiki da katalis mai ƙwayar zarra guda kafin a kira shi haka. Waɗanda suka yi wannan doguwar tafiya ba su taɓa damuwa da tsimin baƙin ƙarfe ba, don arha ne. Damuwarsu ita ce su wane ne maƙwabtansa, nawa ne, kuma yaya suka jeru.

Ƙwayar ƙarfe ba ta son kaɗaici. In aka ba ta zafi da sarari, sai ta yi ta yawo har ta tarar da 'yan'uwanta su dunƙule. Dabarar da ta fi shahara a yanzu ta dogara ne da wani sinadari mai ramuka kamar saƙar zuma, ZIF-8, wanda tutiya ce ginshiƙinsa. Ana cusa baƙin ƙarfe kaɗan a cikinsa, tutiyar ta shiga tsakani ta hana su haɗuwa, sannan a gasa a zafin digiri 900 zuwa 1100. Tutiya tana tafasa a digiri 907, sai mafi yawanta ya tashi ya bar gurabu. Ɗakin binciken Li Yadong a Tsinghua na cikin waɗanda suka yaɗa wannan hanya tun 2016. Amma ta wannan hanya baƙin ƙarfen da garin ke iya ɗauka a warwatse yakan tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin 100. In aka ƙara sai ƙwallaye su bayyana. Wani ɓangare na wannan ɗan kaɗan ɗin ma yana binne cikin kabon inda iska ba ta kaiwa, abin da ke rushe batun ɗari bisa ɗari tun daga tushe. Don a cike giɓin sai a shafa garin da kauri, kimanin maikiromita 100, alhali na filatinam bai wuce 10 ba. Shafi mai kauri kuwa yana hana iska shiga, yana riƙe ruwan da batirin ke fitarwa har ya shaƙe. An sami ci gaba a nan: a 2021 ƙungiyar Jia Qingying a Boston ta bi da tururin kuloraid ɗin baƙin ƙarfe a kan garin da aka riga aka gasa, ƙarfen ya maye gurbin tutiya a fili inda iska ke kaiwa, kuma a 2022 ƙungiyar Anthony Kucernak a Landan ta kai kashi 7 cikin 100 ba tare da dunƙulewa ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato shaida. Kusan kowace maƙala a wannan fage tana buɗewa da hoto iri ɗaya: baƙin fili, fararen ɗige-ɗige, an zagaye kowanne da jan layi. Hoton abin sha'awa ne, kuma bai yiwu a saukake ba sai bayan gyaran da aka yi wa madubin ilektiron a ƙarshen shekarun 1990. Akan ce gani ya kori ji. A nan dai ganin Dala ba shiga birni ba ne. Madubin yana nuna ɗan fili ne mai faɗin 'yan nanomitoci daga garin da ke da ƙwayoyi marasa ƙirguwa, a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, babu ruwa, babu asid, babu wuta, kuma hasken madubin da kansa yana iya gusar da ƙwayar. Shaida ta biyu, hasken ekis daga na'urar sinkirotiron, tana ba da matsakaicin dukkan garin ne, kuma da ƙyar take bambance ko maƙwabcin ƙarfen naitirojin ne ko oksijin ko kabon, saboda nauyinsu ya yi kusa. Ƙwallaye 'yan kaɗan suna iya ɓuya a cikin matsakaici, su kuma zama su ke yin aikin. Akasin haka ma ya taɓa faruwa: a 2003 Maria Flytzani-Stephanopoulos a Jami'ar Tufts ta wanke mafi yawan zinarin da ke kan wani katalis, kuzarinsa bai ragu ba, aka gane ƙwallayen da kowa ke gani a hoto 'yan kallo ne.

Misalin jan ƙarfe ya fi kowanne fito da matsalar. Tun aikin Yoshio Hori a Japan a shekarun 1980 aka san jan ƙarfe yana da wata baiwa ta ɗaura kabon da kabon daga kabon dayoksaid, ya fitar da abubuwa kamar etilin da etanol. Ɗaura biyu yana buƙatar wurin zama biyu kusa da juna. Da aka fara samun rahoton jan ƙarfe ɗaiɗai yana yin etanol, abin ya ɗaure kai. A 2019 ƙungiyar Marc Fontecave a Faris ta haska irin wannan katalis yana tsakiyar aiki. Da aka kunna wuta ƙwayoyin suka bar mazauninsu suka dunƙule ƙananan ƙwallaye. Da aka kashe wuta aka fito da garin cikin iska, suka watse suka koma ɗaiɗai. Wanda ya ɗauki hoto kafin gwaji da bayan gwaji zai rantse ƙwaya guda ce ta yi aikin, kuma hotunansa biyu za su goyi bayansa. Tun da na karanta wannan aiki na daina karɓar kowane iƙirari na kaɗaici da ba a auna shi wuta na kunne ba.

Batun ƙarko ya fi wannan nauyi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ɗora burin awa 8,000 ga batirin ƙaramar mota, da awa 25,000 ga na manyan motocin dakon kaya nan da 2030. Katalis ɗin baƙin ƙarfe masu kuzari sukan yi asarar babban kaso na ƙarfinsu cikin awa ɗari ta farko idan aka riƙe su a bolt ɗin da mota ke buƙata. Awa 700 ɗin Los Alamos a bolt 0.4 aka yi ta, ƙasa da inda ake son batiri ya tsaya. Dalilan lalacewar ne suka fi ba da haske. A 2021 Li Jingkun da Jaouen suka bi diddigin ƙarfen da na'urar Mössbauer, suka tarar da mazauni iri biyu, dukansu baƙin ƙarfe ɗaya da naitirojin huɗu, bambancinsu yadda kabon ya jeru a bayan naitirojin. Da farko duka biyun suna aiki. Bayan awa 50 na farkon ya watse ya koma tsatsa, na biyun ne kawai ya rage. A hoton madubi waɗannan biyu ɗigo ɗaya ne. Tun kafin wannan, a 2018, Choi da Jaouen sun nuna wata hanyar lalacewa ta daban: ɗan feroksaid ɗin da ke fitowa yana haɗuwa da ƙarfen ya haifar da sinadarai masu ƙuna, irin waɗanda ke bayan abin da Fenton ya lura da shi a 1894, su ƙone kabon ɗin da ke kewaye. Ƙarfen yana nan a mazauninsa, naitirojin ɗinsa huɗu suna nan, amma kuzarinsa ya faɗi, saboda unguwar ta sauya. Ban san wata hujja da ta fi wannan nuna cewa katalis ɗin ba ƙwayar ce kaɗai ba, ita ce da duk abin da ke zagaye da ita har zuwa maƙwabcin maƙwabci.

Gyare-gyaren da suka yi tasiri ma ta wannan ƙofa suka shigo. A 2022 ƙungiyar Gang Wu a Buffalo ta lulluɓe garin da siririn mayafin kabon mai naitirojin, abin da ya juya mazaunin mai saurin lalacewa zuwa mai ƙarko. Wasu kuma suka zuba ƙananan ƙwallayen oksaid masu kama sinadaran ƙuna kafin su yi ɓarna. A kasuwa kuwa, kamfanin Ballard na Kanada da Nisshinbo na Japan sun sanar a 2017 da batiri mai amfani da katalis marar ƙarfe mai tsada a gefen oksijin. Ƙarfinsa wat 30 ne. Na mota yana haura wat 100,000.

Mai karatu zai iya cewa na tsananta, kuma akwai amsa mai ƙarfi da za a ba ni. Kaɗaici da kansa yana haifar da abin da dunƙule ba ya iya yi, wato zaɓe. Na yarda, kuma a nan ne nake ganin ribar fagen ta gaskiya. Ƙarfen nikel a dunƙule, in aka sa shi cikin ruwa mai kabon dayoksaid aka ba shi wuta, haidirojin kawai zai yi ta fitarwa. Nikel ɗaiɗai tsakanin naitirojin ba ya iya riƙe haidirojin da kyau, saboda haka sama da kashi 90 cikin 100 na wutar yana tafiya wurin mayar da kabon dayoksaid zuwa kabon monoksaid, wanda masana'antu ke gina man fetur na roba da sinadarai da shi. Ƙungiyar Peter Strasser a Balin da ta Wang Haotian a Amurka sun tabbatar da haka tun wajen 2017. Feroksaid ɗin da ya zama aibi a batiri kuma haja ce a wani wurin: ana tsabtace ruwa da shi, ana farar da takarda, kuma a yau a manyan masana'antu ake yin sa a yi dakonsa da haɗari. A 2020 ƙungiyar Hyeon Taeghwan a Seoul ta nuna kobalt ɗaiɗai yana yin sa daga iska da lantarki. Abin lura shi ne ba su sami sakamakon ba sai da suka daidaita oksijin ɗin da ke maƙale a kabon na kusa da kobalt ɗin. A cikin ruwan alkali, dangin kanwa, inda baƙin ƙarfe ba ya narkewa kamar a asid, katalis ɗinsa yana gogayya da filatinam kafaɗa da kafaɗa. A 2021 ɗakin binciken William Mustain a Amurka ya sami sama da wat 2 a kowane murabba'in santimita da garin da ake sayarwa a kasuwa. Duk waɗannan nasarori na zaɓe ne da na muhalli. Babu ɗaya daga cikinsu da tsimin ƙarfe ya kawo.

Amoniya kuwa darasi ce mai ɗaci. Hanyar Haber da Bosch ta haɗa amoniya, wadda takin yuriya ke fitowa daga gare ta, har da na masana'antar Dangote da aka ƙaddamar a Lekki a 2022, tana cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. Duk wanda ya san yadda manomi a Funtuwa ko Maraɗi yake lissafin buhun taki kafin damina zai so a ce ƙaramar na'ura mai hasken rana tana iya yin taki daga iska da ruwa. Tsakanin 2017 da 2019 maƙalu masu yawa suka yi iƙirarin haka, da dama da katalis ɗaiɗai. A 2019 ƙungiyar Ib Chorkendorff a Denmark, tare da abokan aiki a Amurka da Ingila, ta sake gwajin da naitirojin mai alama, isotof na 15, bayan ta tsarkake iskar. A cikin ruwa, da ƙarafan da suka gwada, ba su sami amoniya ba. Hanyar da ke bi ta lithiyam a cikin wani sinadarin narkarwa da ba ruwa ba ce kaɗai ta tsira. Amoniyar da ake aunawa ƙanƙanuwa ce ainun, irin wadda ke iya shigowa daga numfashin mai gwaji ko safar hannu ko kwalbar iskar. Ga katalis ɗaiɗai haɗarin ya ninka, tun da jikinsa cike yake da naitirojin da zai iya ɓallewa ya koma amoniya.

Abin da nake nema daga kowane sabon rahoto bai da yawa. A ƙirga mazaunan da iska ke kaiwa da gaske, a faɗi sau nawa kowanne ke kammala ciniki a daƙiƙa, a kuma bar na'urar a kunne a bolt mai ma'ana har sai an ga gangarowarta. Hanyar ƙirgar tana nan: a 2016 ƙungiyar Kucernak ta nuna yadda ake toshe mazaunan baƙin ƙarfe da naitirait sannan a auna wutar da za ta ɓamɓare shi. Wannan ba ya buƙatar sinkirotiron. Nahiyar Afirka ba ta da ko ɗaya. SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017 na cikin mafi kusa da mu. Amma gwajin ƙirga da na ƙarko na'urar sarrafa bolt suke buƙata, da sinadarai masu tsabta, da wutar da ba ta yankewa, da haƙuri. Sashen kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu zai iya shiga ta wannan ƙofa, kuma ita ce ƙofar da manyan ɗakunan bincike suka fi yi wa sakaci saboda ba ta kawo suna da wuri.

Saura wani shinge da kaɗaici bai tsallake ba. Tun 2004 Jens Nørskov da abokan aikinsa suka kafa hanyar lissafa matakan sarrafa oksijin, kuma daga bisani aka gane cewa biyu daga cikin abubuwan da katalis ke riƙewa a kan hanya ƙarfin riƙonsu a ɗaure yake da juna. Tazarar da ke tsakaninsu kullum tana wajen ilektiron-bolt 3.2, alhali 2.46 ake buƙata don kada a yi asara. In ka sassauta wa ɗaya ka sassauta wa ɗayan. Sakamakon shi ne asarar bolt 0.3 zuwa 0.4 da ba ta da makawa, ko filatinam ne ko waninsa. An yi fatan ƙwaya ɗaiɗai za ta kuɓuce wa wannan ɗauri, amma lissafi ya nuna ƙarfe tsakanin naitirojin huɗu shi ma yana bin layin. Dalilin a fili yake: hannu ɗaya ne ke riƙe abubuwan biyu, ta wurin oksijin iri ɗaya. Sai an sami hannu na biyu da zai taɓa ɗaya ya bar ɗayan. Shi ya sa bincike ya fara komawa ga ƙwayoyi biyu-biyu, baƙin ƙarfe da kobalt ko baƙin ƙarfe da jan ƙarfe a maƙwabtaka, duk da cewa kayan awon da ke fama da tabbatar da ɗaya yanzu aka ɗora musu tabbatar da biyu.

Jikinmu ya riga ya bi wannan hanya. Him mai ƙarfe ɗaya da ke cikin jini dakon oksijin kawai yake yi. Inda ake mayar da oksijin ruwa, a cikin sinadarin saitokirom oksidas da ke kowace ƙwayar halittarmu mai numfashi, baƙin ƙarfe ne da jan ƙarfe suke fuskantar juna da tazarar kimanin rabin nanomita, ga wani reshen furotin a gefe yana miƙo ilektiron a daidai lokacin da ake buƙata, don kada feroksaid ya kuɓuce. Wannan tsari ma yana lalacewa, sai dai jiki yana rushe tsohon ya gina sabo ba fasawa. Jar ƙwayar jini ma, mai ɗauke da him, kwana 120 take yi a sauya ta. Garin da aka shafa cikin batirin babbar mota ba mai sauya masa ƙwaya ko ɗaya. A cikin asid, a zafin digiri 80, ana so ya yi awa 25,000, wato kusan shekara uku cur injin bai huta ba.